Hanya Biyu a Mashigi Ɗaya

Duk wanda ya ji an ambaci Ɗanja, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne tumatir da rake. Da tumatir aka san mu a kasuwannin Kano da Legas, da mazarƙwaila aka san mu a garuruwan da ke kewaye da mu, kuma babu mai musun cewa gumin manoman rani ne ya gina yawancin gidajen kwanon da ake gani daga Dabai zuwa Kahutu. Kifi ba ya cikin abubuwan da ake yi mana kirari da su. Ba mu da babban kogi irin na Argungu ko Yawuri, ba mu da jiragen kwale-kwale, ba mu da kasuwar banda. Saboda haka idan ɗan Ɗanja ya ɗauki alƙalami ya ce zai yi magana a kan kifin rafi, ba za a rasa masu ganin ya rasa abin faɗa ba.

Amma ruwa ba ya tsami banza. A cikin shekara 25 da na yi a duniya, na ga rafin ƙauyenmu ya tashi daga wurin da ake kama tarwaɗar da za ta ishi gida biyu miya, ya koma wurin da yaro zai wuni da fatsa ya dawo da abin da bai cika tafin hannu ba. Dalilan suna da yawa, kuma an sha faɗin wasu daga cikinsu: injinan ban-ruwa da ke tsotse gurabu, magungunan feshi da ruwa ke wankowa daga gonaki, da masu zuba guba don su kwashi kifi a rana ɗaya. Akwai dalili guda da ban taɓa jin an kawo shi a taro ko a rediyo ba, alhali kullum ta kansa muke bi da ƙafafunmu da tayoyinmu. Wannan dalili shi ne mashigi, wato inda hanyar mota ta ratsa rafi. A nan ne hanya biyu suke gicciye juna, tamu da ke ƙetare ruwa, da ta kifi da ke bin tsawonsa. Tamu kaɗai muke gani.

Ƙasar da ruwa ke farawa

Yankinmu na kudancin Katsina tudu ne, daga tudu kuwa ruwa ke gangarowa. Kogin Sakkwato kansa daga kusa da Funtuwa yake tasowa, ya bi ta Gusau, ya cika madatsar Bakolori, ya haɗu da Gulbin Rima, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi kafin ya faɗa Kwara. Wanda ya tsaya a bakin Matan Fada ranar bikin kamun kifi yana kallon ruwan da wani sashensa ya faro daga ƙoramun wannan yanki. Ƙananan rafuka irin namu, masu cika da damina su tsinke da rani su bar gurabu nan da can, su ne saiwoyin manyan koguna, kuma su ne ɗakin haihuwar kifaye da yawa.

Wannan magana na same ta a darasi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda na karanta ilimin halittu, amma tun kafin nan na ji ta daga bakin kawuna. Ƙanen mahaifiyata ne, kuma shi ne na ƙarshe a zuriyarsu da ya riƙi koma da birgi a matsayin sana'a. Bai shiga aji ba, amma ya san daren da tarwaɗa za ta hau. Idan aka yi ruwan farko mai ƙarfi wanda ya cika rafi ya malala cikin fadama, tarwaɗa kan baro gurbin da ta yi rani a ciki, ta nufi sama tana yaƙi da igiyar ruwa, har ta isa inda ruwa ya shanye ciyawa. A nan take zuba ƙwanta masu danƙo, su manne a jikin ciyawa, su ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko biyu. 'Ya'yan sukan yi girma a wannan ruwa marar zurfi inda abinci ya wadata kuma manyan kifaye ba sa iya bin su, sai ruwa ya fara ja su gangaro. Tafiyar kwana kaɗan ce a shekara, amma a kanta zuriyar ta dogara.

Karfasa kuma nata tsarin daban. Namijin yakan share wuri a ƙasan ruwa ya yi ɗan rami kamar kasko, macen ta zo ta zuba ƙwai, sannan ta kwashe su a bakinta tana renonsu har su zama 'ya'ya. Gaiwa ta fi su ban mamaki, domin huhu gare ta. Idan ruwa ya ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙin da zai bushe ya zame mata riga, ta bar 'yar kafar da iska za ta shiga, ta kwanta watanni tana jiran damina. Akwai ma wasu 'yan ƙananan kifaye na tafkunan damina waɗanda iyayen kan mutu ƙurmus idan ruwa ya ƙafe, ƙwansu kaɗai ke saura a busasshiyar laka har shekara ta zagayo. Ɗaya daga cikinsu, da masana suka bayyana shi a 1928, sunan Kogin Kiyawa na nan arewacin Nijeriya aka laƙaba masa, har yau kuma da sunan yake amsawa a littattafan kimiyya na duniya.

Wanda ya lura zai ga rayuwar waɗannan halittu a kan abu uku ta rataya: hanya a buɗe daga ƙasa zuwa sama, ƙasan rafi mai tsabta, da lakar rani wadda ba a dame ta ba. Mashigi yana taɓa dukkan ukun.

Abin da taya ke yi wa rafi

A ƙuruciyar kawu, masu ƙafa da jakuna da amalanken shanu ne ke bin mashigin ƙauyenmu, sai keke jefi-jefi. Faɗinsa bai wuce na amalanke ɗaya ba, kuma itatuwan da ke gaɓa suna yi masa inuwa. Yau babura ne ba adadi, da akori-kura, da kanta, da tarakta, da tifa. A lokacin ɗibar tumatir tun asuba ake shiga ana fita har bayan isha'i.

Ɓarna ta farko ita ce ta laka. Duk motar da ta shiga ruwa takan tayar da ƙasan rafi, ta kuma zo da jar ƙasar hanya a tayoyinta. Sawun taya a gangaren gaɓa yakan zama magudana, ruwan sama ya bi ta nan yana zaizayar ƙasa yana zubawa cikin rafi. Wannan laka ba a mashigi take tsayawa ba. Takan bi ruwa ta sauka can ƙasa, ta kwanta a kan tsakuwa da yashi da ciyawa, ta rufe ƙwan kifi ta hana su iskar da suke buƙata. Takan toshe gaɓoɓin da kifi ke numfashi da su a gefen kansa, ta kashe ƙananan ƙwarin ruwa da 'ya'yan kifi ke ci, ta kuma cike gurabun da ya kamata su riƙe ruwa har ƙarshen bazara. Gurbin da kawu ya ce a dā yana shanye tsayin mutum, yanzu yaro ɗan firamare yana tsayawa a tsakiyarsa.

Ta biyu ita ce faɗaɗar mashigi. Idan wuri ya cabe, direba ba zai yarda ya kafe ba, sai ya kauce gefe ya buɗe sabon sawu, wanda ke bayansa ma ya yi haka. A hankali gaɓa ta rushe, itatuwa su faɗi ko a sare su, mashigin amalanke ɗaya ya zama fili. Ruwan da a dā yake tafiya a matse da zurfi sai ya bazu ya zama shimfiɗa, rana ta dafa shi. Ruwan zafi kuwa ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi, kuma kifin da ya shigo irin wannan fili ya zama abincin tsuntsu da na yara.

Ta uku ita ce mai da sabulu. Mashigi ya zama wurin wankin ababen hawa, domin nan ne mota ke iya kai wa ga ruwa ba tare da an ɗebo ba. Ana wanke babur da kanta a tsakiyar rafi, wani har juyen baƙin mai yake yi a bakin gaɓa. A nan kuma mai feshi ke ɗauraye tankinsa idan ya taso daga gona, musamman tun daga 2016 da tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta yi ɓarna a arewa, feshi ya ƙaru. Da damina ruwa kan tafi da dattin ya tsarma shi. Da rani, lokacin da rafi ya tsinke, duk abin da aka zuba a gurbin da ke ƙasan mashigi yake taruwa, wato daidai inda sauran kifin suka fake.

Ta huɗu ba a ganin ta sai an duba. Da rani tifofi kan sauka ta mashigi su bi cikin busasshen rafi zuwa inda ake ɗibar yashi, babura kuma su mai da ƙasan fadama gajeriyar hanya. A ƙarƙashin wannan busasshiyar laka gaiwa take kwance, a ciki ƙwan kifin damina suke jira. Nauyin tifa cike da yashi yakan danne ƙasa ta yi tauri kamar daɓe. Kawu ya taɓa nuna mini sawun taya a wani kwari inda suke haƙar gaiwa suna samari, ya ce mini, “Ɗana, a nan ƙarƙashin akwai masu barcin da ba za su farka ba.”

Kwalbatin da ya zama katanga

Mai karatu zai ce ai maganin duk wannan shi ne a fitar da mota daga cikin ruwa, a yi kwalbati. Haka ne, kuma haka muka ɗauka. Hanyar ƙauyenmu sau biyu take ƙetare rafi, kuma ina makarantar sakandare aka yi mana kwalbati a mashigi na farko. An yi murna ƙwarai, domin ya raba mu da kwana a bakin ruwa ranar kasuwa. Zobban kankare ne aka jera layi biyu, aka zuba ƙasa a kai, aka matse rafin da ke da faɗi ya koma bi ta cikin bututu biyu.

Ruwan da aka matse dole ya yi gudu. Idan ya fito daga bakin bututu da ƙarfi yakan haƙe ƙasan da ke gabansa, damina bayan damina, har bakin bututun ya koma a rataye, ruwa yana zubowa daga sama kamar daga indararo. Tarwaɗa da kurungu da gaiwa ba kifayen tsalle ba ne. Wanda ma ya yi sa'ar shiga bututun zai tarar da kankare mai santsi, babu dutse ko saiwar da zai raɓe ya huta, ruwa kuma yana tunkuɗo shi baya. Idan ruwa ya ja, abin da ke bi ta cikin bututun bai kai ya rufe bayan karfasa ba. Ta haka rafi ɗaya ya zama guntaye biyu, na sama da na ƙasa, kifin ƙasa ba ya isa fadamar da zai haihu, gurabun sama kuma idan suka mutu a shekarar fari babu mai zuwa ya sake raya su.

Na ga sakamakon wannan da idona a wata damina da na dawo hutu. An kwana ana ruwa, da gari ya waye labari ya bazu cewa kifi ya taru a ƙasan kwalbati. Muka tarar da ramin ya yi baƙi da tarwaɗa, suna ta dukan kankare suna faɗowa. Yara da manya suka shiga da kwanduna da buhuna da gidan sauro, ana ta shewa, kowa yana cewa arziki ya zo har gida. Yawancin waɗanda aka kama cikinsu cike yake da ƙwai. Kawu yana tsaye a kan kwalbatin da komarsa a kafaɗa, bai jiƙa ta ba. Na ce, “Kawu, ba za ka shiga ba?” Ya girgiza kai ya ce, “Wanda ya yanka akuya da ciki ya ci nama yau, amma ya cinye garkensa. Waɗannan ba su zo don a kama su ba, hanya suke nema.” Bayan 'yan shekaru taron ya daina faruwa. Wasu suka ce kifin ya yi wayo. Kawu kuwa ya rataye komarsa a zaure, ya koma sayar da kifin ƙanƙara da ake kawowa daga Funtuwa a kwali.

Ba mu kaɗai ba ne

Lokacin da na fara bin diddigin wannan al'amari, na tarar abin da ke faruwa a rafinmu ɗan yanki ne na wata babbar asara. A watan Disamba na 2023 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, wato IUCN, ta bayyana cewa daga cikin nau'o'in kifin ruwan daɗi 14,898 da aka auna halin da suke ciki, 3,086 suna fuskantar barazanar ƙarewa. Wani rahoto na 2024 ya nuna cewa yawan kifayen ruwan daɗi masu ƙaura, a wuraren da ake bibiyarsu, ya ragu da kashi 81 cikin 100 tsakanin 1970 da 2020, kuma toshe hanyoyin ruwa yana sahun gaba cikin dalilan. A Turai an yi ƙidaya a 2020 aka gano aƙalla shingaye miliyan 1.2 a kogunan ƙasashe 36, mafi yawansu kuma ƙanana ne da tsayinsu bai kai mita 2 ba, har da kwalbatoci da mashigai irin namu.

A jihar Washington ta Amurka maganar kwalbati har kotu ta kai. Ƙabilun asalin ƙasar, waɗanda ke da tsohuwar yarjejeniya da gwamnati a kan haƙƙinsu na kamun kifin salmon, sun yi ƙara cewa kwalbatocin hanyoyin jihar sun hana kifin isa inda yake haihuwa. A 2013 alƙali ya umarci jihar ta gyara ɗaruruwan kwalbatoci, a 2018 kuma hukuncin ya tabbata bayan alƙalan Kotun Ƙoli sun rabu huɗu da huɗu. Aikin gyaran yana cin biliyoyin daloli, kuɗin da ba za a kashe ba da tun ran gini an yi zane. A wannan jiha dai masu bincike suka gano a 2020 cewa wani sinadari da ke fita daga ɓarɓashin taya, idan ruwan sama ya wanke shi zuwa rafi, yana kashe wani nau'in salmon cikin sa'o'i.

A gida Nijeriya mun fi sanin illar manyan madatsu. Bayan gina Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ambaliyar da ke raya dausayin Haɗeja da Nguru ta ragu, masunta da manoman wurin suka ji a jikinsu. Wannan an yi rubutu a kansa, an yi taruka. Amma madatsa guda ce a kogi, kwalbati kuwa da mashigi suna kan kowace hanyar karkara, kuma babu mai ƙirga su.

Gaskiya ne tarwaɗa da karfasa ba sa cikin kifayen da za su ƙare a duniya, ga su nan ana kiwonsu a tankuna a bayan gidaje. Sai dai ƙarewa daga rafi ɗaya take farawa, sannan ta kama na kusa da shi. Kafin a rubuta sunan wani kifi a jerin waɗanda suka ɓace a duniya, ya riga ya ɓace a dubban ƙauyuka ba tare da kowa ya rubuta ba. Kuma babu mai kiwon minjirya ko kawara ko ɗan kifin Kiyawa a tanki. Su ba su da wani gida sai rafi.

Kifi ko mutane?

Bara, bayan na gama hidimar ƙasa na dawo gida, ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu ta kira taro a ƙofar gidan mai unguwa a kan mashigi na biyu. An yanke shawarar a yi karo-karo, a kuma rubuta takardar neman taimako, domin a yi kwalbati irin na farko. Da aka ba matasa dama na miƙe na roƙi a saka a takardar cewa muna son mai faɗi, wanda zai bar kifi ya wuce. Wuri ya ɗauki dariya. Wani dattijo, abokin mahaifina, ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce, “Yaro, mu matanmu ke naƙuda a bakin ruwa, kai kana ta kifi?”

Ban ga laifin tambayarsa ba, domin na san abin da yake nufi. Yayata ma a kan ƙyauren ƙofa aka ƙetarar da ita wannan mashigi cikin dare a watan Agusta, maza huɗu suna riƙe da ita ruwa iya ƙirjinsu, mota tana jira a ƙetare. Kuɗin makarantata kuwa tun daga firamare har jami'a a cikin kwandunan tumatir suka fito, kuma ta cikin wannan ruwa kanta ta bi da su. Wanda ya ce a hana mota ƙetare rafi don kifi bai san zafin tumatir ya ruɓe a gona ba.

Na durƙusa na ce, “Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka dutse ce. Amma ina roƙon a tuna sau nawa aka yi gayya aka cike gefen kwalbatin farko tun da aka yi shi.” Aka fara ƙirgawa da baki, kowa yana tuno shekarar da ruwa ya cinye shi. Dalilin kuwa ɗaya ne da dalilin da ya hana tarwaɗa wucewa. Bututun da ya yi wa rafi kaɗan yakan toshe da karan dawa da rassan itace da leda, ruwa ya taru a baya, ya hau kan hanya, ya yanke ta ta gefe. Ramin da ruwa ke haƙawa a bakin bututu, wanda ya zame wa kifi katanga, shi ne kuma ke cin ƙasan ginin har ya zauna. Kwalbatin da aka yi daidai da faɗin rafi, aka bar masa ƙasansa na yashi da tsakuwa, shi ne kifi ke wucewa ta ciki, shi ne kuma ambaliya ke wucewa ta bar shi a tsaye. A wannan wuri buƙatar mai naƙuda da ta tarwaɗa ɗaya ce.

Akwai kuma lissafin tukunya. Kifin rafi shi ne naman gidan da ba shi da kuɗin nama. Yaro ya kamo, uwa ta jefa a miyar kuka, ƙannensa su sami abin gina jiki ba tare da an taɓa aljihu ba. Yau wannan gida sai ya sayi kifin ƙanƙara da aka shigo da shi daga ƙasashen waje, wanda farashinsa ke bin dala, ko ya haƙura. Ƙananan kifaye kuma suna cin tsutsar sauro a gurabu, gaiwa tana cin katantanwar ruwa, dangin wadda ke ɗauke da cutar tsargiya. Gurbin da babu kifi ba ya zama fanko, wasu ne ke gaje shi.

Dattijon bai ce na yi gaskiya ba, ban kuma sa ran zai faɗa a gaban jama'a ba. Abin da ya ce wa magatakarda shi ne, “Rubuta mai faɗin.”

Abin da za a iya yi

Ba sabuwar doka muke buƙata ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa mai lamba 108 ta 1992 ta haramta kamun kifi da guba da nakiya da lantarki, ta kuma ɗora wa hukuma alhakin kula da gina madatsu da sauran shingaye domin kifi ya sami hanyar wucewa. A shekarar ce kuma aka yi dokar auna tasirin ayyuka a kan muhalli mai lamba 86. Muna da Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa a New Bussa, muna da sassan nazarin halittu a jami'o'in Zariya da Katsina da Dutsin-ma. Abin da ya rage shi ne wannan sani ya isa teburin injiniyan da ke zana kwalbati da hannun birkilan da ke zuba shi.

Jihar Katsina tana cikin jihohin da ke aiwatar da shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwancin amfanin gona, wanda Bankin Duniya ke tallafa wa. Kowace hanya da za a yi a ƙarƙashin irin wannan shiri za ta ƙetare rafuka, kuma abin da aka zuba yau shi zai zauna shekaru masu yawa. Sharuɗɗan ba su da wuyar fahimta: faɗin kwalbati ya kai faɗin rafi a cikarsa, a nutsar da gindinsa ƙasa da shimfiɗar rafi domin yashi da tsakuwa su kwanta a ciki, kada a bar tudu ko gangare a bakinsa. Inda kuɗi bai kai ba, a daɓe mashigi ɗaya da dutse daidai da ƙasan rafi, a kafa alamu a gefensa domin motoci su daina buɗe sabon sawu, a ja magudanar hanya ta zube cikin ciyawa kafin ta kai ga ruwa.

Sauran aikin namu ne, ba ya jiran kasafin kuɗi. Mai unguwa da shugabannin 'yan acaɓa da na direbobi za su iya ware wurin wanki nesa da gaɓa, a hana juyen mai da ɗaurayar tankin feshi a rafi. Za a iya keɓe wa masu yashi wurin ɗiba da hanyar shiga guda. Za a iya hana kamu a bakin kwalbati a makonnin farkon damina. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Bikin Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016, bai dawwama ba sai don ana hana kamu a Matan Fada har ranar da Sarkin Ruwa ya ba da izini. Kabawa sun san cewa kifin da aka bari ya huta shi ke cika gora. Inda sarautar Sarkin Ruwa ta zama suna kawai, a mayar mata da aikinta.

Mu da muka yi karatu kuma akwai bashi a kanmu. Irin su kawu suna tsufa, kuma a kansu kaɗai tarihin rafukanmu yake: wane kifi ne yake wane gurbi, yaushe yake hawa, wace shekara aka daina ganinsa. Na fara zama da shi da littafi da biro ina rubutawa, ina kuma bin rafin da ƙafa ina ɗaukar hoton kowane mashigi da wayata. Aiki ne da kowane ɗalibi zai iya yi wa ƙauyensu a hutu ɗaya, kuma idan aka tara shi daga Ɗanja da Bakori da Ƙafur da Malumfashi zai zama hujjar da za a iya ajiyewa a gaban hukuma.

A cikin sunayen da kawu ya lissafa mini akwai waɗanda ban taɓa ganin masu su ba, na tambayi ƙannena kuma ko sunayen ba su taɓa ji ba. Takardar ƙungiyarmu tana can an miƙa, da kalmar “mai faɗi” a layi na uku. Damina kuwa saura wata biyu, kuma duk tarwaɗar da ta rage a gurbin ƙasa za ta sake gwada hawa.